A Daina Neman Mijin Marubuciya a Cikin Littafinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ara mana fili a shafin wasiƙu mu yi magana kan wata ɗabi'a da ta zame wa masu sharhin littattafai jiki. Mu dai aikinmu duba rubutu ne kafin ya tafi maɗaba'a, wasunmu kuma suna koyar da adabi, don haka muna ganin matsalar tun tana kan takardar marubuciya har ta iso shafin jarida. Da zarar mace ta fitar da ƙagaggen labari mai mugun miji a ciki, ko mai mutuwa, sai a ajiye littafin gefe a koma bin diddigin gidanta: wa ta aura, yaushe suka rabu, wa ya rasu mata. Daga nan sai a yanke hukunci cewa ai labarinta ta rubuta. Namiji kuwa zai kashe mutum goma a littafi, ba mai tambayar ko yana da wuƙa a gida.

Ba cewa muke aure da rashi ba sa shiga rubutun mace ba. Suna shiga ƙwarai. Sai dai ƙofar da masu sharhi suke tsarewa ba ita suka fi bi ba. Sun fi shiga ta ginin labarin: bakin da aka ba wa labarin ya faɗa, wanda aka ɗora wa rashin, yawan abin da aka rubuta, sunan da aka sa a bango, da yadda aka rufe ƙarshe.

Mu fara da kwanan wata, tunda nan ne ake fi yin tuntuɓe. A littafin Frankenstein na Mary Shelley ta Ingila, wanda dodon cikin labarin ya fara kashewa wani ƙaramin yaro ne mai suna William. Ita ma marubuciyar tana da ɗa William, kuma ya rasu yana ɗan shekara 3. Mai gaggawa zai ce shi ke nan, an gano bakin zaren. To amma littafin ya fito a watan Janairu na 1818, yaron kuwa ya rasu a birnin Roma a watan Yuni na 1819, wata goma sha bakwai bayan fitowarsa. Lokacin da take rubuta wancan babin yaron yana raye lafiya lau, kuma mahaifinta ma William ne sunansa. Rashin da ya riga littafin wani ne daban: jaririyarta ta fari, bakwaini, wadda ta rasu a Maris na 1815 ba ta cika mako biyu ba. Ta rubuta a kundinta na sirri cewa ta yi mafarki jaririyar ta dawo, wai sanyi ne kawai ya kama ta, suka murza jikinta a gaban wuta ta farfaɗo. Babu jaririya ko ɗaya mai wannan labari a cikin littafin. Abin da ya shiga shi ne tambayar, wato ko ana iya mayar da rai cikin jikin da ya yi sanyi, sai ta danƙa tambayar a hannun wani ɗalibin kimiyya namiji.

Mijinta, mawaƙin nan Percy Shelley, ya nutse a teku a gaɓar Italiya a Yuli na 1822, tana da shekara 24, kuma ɗa ɗaya kacal ya rage mata. Nan ne aure ya nuna ikonsa kan rubutu ko bayan miji ya kwanta dama. Surukinta Sir Timothy shi ke ba da kuɗin renon yaron, ya kuma yi barazanar yanke kuɗin idan ta kuskura ta wallafa tarihin ɗansa. Ko tarin waƙoƙinsa da ta fitar a 1824 sai da ya sa aka janye. Da aka toshe mata hanyar tarihi sai ta bi ta ƙagaggen labari. A 1826 ta fitar da The Last Man, inda annoba ta share 'yan Adam ƙarƙaf har ya rage mutum ɗaya, kuma wani daga cikin jaruman, Adrian, wanda manazarta suka haɗu a kan cewa siffar mijinta ce, shi ma nutsewa ya yi a teku. A lura da abu biyu. Mai ba da labarin da ya rage shi kaɗai namiji ne, ba bazawara ba. Sannan ba ta kashe miji ɗaya ta tsaya ba, duniya gaba ɗaya ta kwashe, domin girman kaɗaicin take son aunawa, ba ba da rahoton haɗarin jirgin ruwa ba.

Misalin da ya fi kusa da masu karatunka shi ne Mariama Bâ ta Senegal, wadda littafinta da ake karantawa a makarantu da sunan So Long a Letter ya fito da Faransanci a 1979, ya ci kyautar littattafan Afirka ta Noma Award a 1980. Da yawa cikin ɗalibai sun ɗauka ita ma takaba ta yi. Ba haka ba ne. Aurenta da ɗan siyasa Obèye Diop da rabuwa ya ƙare, ta riƙe 'ya'ya tara. To me ya sa ta kashe Modou Fall, mijin jarumar littafin Ramatoulaye, a shafukan farko maimakon ta sa ya yi saki? Duba abin da mutuwar ta ba ta a matsayinta na mai gini. Ta ba ta wata huɗu da kwana goma na takaba, lokacin da Ramatoulaye take zaune wuri ɗaya da littafin rubutu a hannu, wato dalilin da zai sa mace mai 'ya'ya goma sha biyu ta sami sararin rubuta doguwar wasiƙa. Ta ba ta zaman rabon gado, inda takardu suka fito da basussuka da abin da mijin ya kashe wa amaryarsa Binetou, ba sai an sa wata 'yar gulma ta zo ta faɗa ba. Ta kuma ba ta manema, Tamsir da Daouda Dieng, domin a ga yadda matar da ta yi shekara 30 tana haɗiye magana za ta buɗe baki ta ce a'a. Da saki ta zaɓa, da mijin yana nan yana mayar da martani, labarin ya zama na ƙara da shari'a. Abin da ta sani daga rayuwarta shi ne zafin a bar mace da yara. Mutuwar kuwa kayan aiki ce ta ɗauko da gangan.

Elizabeth Gaskell ta Ingila ta yi wani abin da ya fi wannan nisa. Ɗanta namiji ya rasu a 1845 yana ɗan watanni, da wani zazzaɓi mai fesar da jajayen ƙuraje. Mijinta ne ya ba ta shawarar ta rubuta dogon labari ko za ta sami sauƙi, wanda ya kamata masu ɗaukar kowane miji a matsayin abokin gaban alƙalami su riƙe. Abin da ta fitar a 1848, Mary Barton, ba labarin matar malamin coci mai rufin asiri irinta ba ne. Ta ɗauki irin ciwon da ya kashe ɗanta ta ɗora wa ɗan wani ma'aikacin masaƙa a Manchester, John Barton, wanda aka sallama daga aiki. Likita ya ce yaron na buƙatar abinci mai gina jiki, uban ba shi da ko sisi, yana tsaye bakin kanti yana kallon matar maigidansa ta fito da sayayyar liyafa, ya koma gida ya tarar yaron ya cika. Rashi ɗaya ne, amma da ta sauya masa gida sai ya haifi tambayar da ba ta taso a nata gidan ba: wa ke da alhaki?

Wani lokacin kuma ana iya nuna daidai inda aure ya taɓa labari, domin akwai zubi biyu. Buchi Emecheta ta Najeriya ta yi aure tana shekara 16, ta bi mijinta Landan a 1962, ta rabu da shi tana shekara 22 da yara biyar. Mijin ya ƙone rubutun littafinta na farko, kuma ta sa wannan ƙonawar a Second-Class Citizen na 1974. Wannan kowa ya sani, shi ne kuma masu sharhi suke ta maimaitawa. Abin da ya fi muhimmanci a wurinmu shi ne makomar littafin da aka ƙone. Ta sake rubuta shi ya fito a 1976 da sunan The Bride Price, ta kuma bayyana a tarihin rayuwarta cewa zubin farko da daɗi ya ƙare, masoyan suka bijire wa dangi suka zauna lafiya. A zubi na biyu yarinyar mutuwa ta yi wajen haihuwa. Babu mijin marubuciyar a littafin ko ta wace fuska, amma shekarun da ta yi a hannunsa ne suka sa ta daina yarda cewa soyayya kaɗai tana iya ƙwatar mace daga hannun al'umma.

Akwai kuma ɓangaren da ba a son faɗa, na kuɗi da lokaci. Margaret Oliphant ta Scotland ta rasa mijinta a 1859, ya bar ta da bashi da yara da juna biyu. Ta rubuta littattafan labari sama da 90, ita da kanta kuma ta yi ta tunanin ko da ba ciyar da iyali take yi da alƙalamin ba da aikinta ya fi haka inganci. Wadda take rubutu don biyan kuɗin makaranta ba ta da halin ajiye rubutu wata shida ta dawo ta gyara. Agatha Christie kuwa, a shekarar 1926 mahaifiyarta ta rasu, a cikinta mijinta ya nemi su rabu. Ba ta zuba wannan a littattafanta na binciken kisa ba. Ta jira har 1934 ta rubuta shi a Unfinished Portrait, da sunan aro na Mary Westmacott, kuma ba a gano ita ce ba sai 1949. Aurenta na biyu da masanin tonon kayan tarihi Max Mallowan abin da ya ba littattafanta shi ne wurare, Iraƙi da Siriya.

Yanzu ga inda abin yake lalacewa a rubuce-rubucen da ake kawowa gyara, tunda mun san marubuta da yawa suna karanta wannan shafi.

Babbar matsala ita ce rubutu da ɗanyen ciwo. Alamarsa a bayyane take: jarumar ba ta da laifi ko na anini daga shafin farko zuwa na ƙarshe, mijin kuma ba shi da dalilin komai, mugunta kawai yake yi kamar an biya shi. Mai karatu yakan tausaya a babi uku na farko, daga nan ya fara shakka, domin ya san ba a zaman shekara goma da mutumin da ba shi da ko dariya mai daɗi. Laifi tudu ne. Gwajin da muke bayarwa shi ne a ɗauki faɗa mafi muni a labarin a sake rubuta shi shafi biyu ko uku da bakin mijin, yana cewa "na", yana ganin shi ne mai gaskiya. Ba don a sa a littafin ba. Idan marubuciya ta kasa, ko ta rubuta shi yana amsa laifi yana neman gafara, to lokacin littafin bai yi ba. Idan ta iya, za ta ga maganganunsa a sauran babi-babin sun sauya da kansu, kuma abin mamaki muguntar tasa ta fi ciwo, tunda yanzu daga bakin mutum take fitowa. Waɗanda muka ambata duk sun ɗauki lokaci: Gaskell shekara 3, Shelley 4, Christie da Emecheta 8. Ba doka ba ce, amma ba mu ga dalilin da zai sa a yi tsammanin wata uku za su isa ba.

Wannan ba ya nufin a ajiye alƙalami a lokacin jira. A riƙe kundi daban, a riƙa rubuta abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, ba abin da zuciya ta ji ba. Zafin zuciya ba ya mantuwa, ƙananan abubuwa ne suke gudu. Takalmin da aka bari bakin ƙofa ba wanda ya iya ɗagawa har mako uku. Lambar wayar da aka kasa gogewa. Mai gaisuwar da ya tambayi ko za a sayar da motar. Takardar asibiti da aka rubuta sunan mamacin ba daidai ba, aka yi ta zirga-zirgar gyarawa. Layi biyu ko uku a rana sun isa, da kwanan wata a kai. Bayan shekaru, waɗannan ne za su ɗauki nauyin babi.

Domin matsala ta biyu ita ce kuka. Muna ba marubuta shawara su ɗauki jan biro su ja layi ƙarƙashin duk inda aka ce ta fashe da kuka, hawaye suka wanke mata fuska, zuciyarta ta yi ƙuna, sannan su ƙirga. A rubutu mai shafi 200 ba abin mamaki ba ne a ga babu babin da ya tsira. Kuka na farko yana taɓa mai karatu, na biyar yana gundurarsa. A bar biyu ko uku, a ajiye su inda ba a zata ba, sauran a mayar da su aiki: ta zuba ruwa kofi biyu, ta tsaya, ta mayar da ɗaya. Haka kuma a auna tsawon zaman makoki a littafin. Idan ya cinye kashi ɗaya cikin uku na shafuka kuma babu shawarar da jarumar ta yanke a ciki, labarin ya tsaya cak. Mariama Bâ ta cika littafi guda da zaman takaba, amma a cikinsa ana rabon gado, ana neman aure ana ƙi, 'ya ta yi ciki, yara sun yi haɗari a titi.

Idan kuma miji nagari ne ya rasu, kuskuren yakan juya. Sai a mai da shi waliyyi. Wannan daidai ne a marsiyya, wadda aikinta ke nan tun daga Khansa'u da ɗan'uwanta Sakhr har zuwa waƙoƙin da Nana Asma'u ta yi wa mamatanta. Ƙagaggen labari kuwa yana tafiya ne da mutane masu rauni, wanda ba shi da aibi ba ya motsi a shafi. Marubuciya takan ji nauyi, da gaskiyarta, tunda an hane mu zagin matattu, ga kuma 'ya'ya da surukai da za su karanta. Mafita ita ce ta Gaskell, a nisanta mutumin cikin littafi daga na gaske har ya zama wani daban, sannan a sami 'yancin ba shi rowa ko saurin fushi ba tare da an ci naman kowa ba. Sauya suna kaɗai ba ya yin wannan aiki. Idan sana'a ɗaya ce, yawan 'ya'ya ɗaya, ciwon ajali ɗaya, kowa a dangi zai gane, kuma idan mutumin yana raye ana iya kai ƙarar ɓata suna ko da an kira shi da wani sunan. A sauya aƙalla manyan abubuwa uku: abin da yake yi don neman abinci, tsarin iyalin, da yadda rabuwar ko rasuwar ta zo. Sau da yawa ma sauya wanda aka rasa, ɗa ya koma ƙani, miji ya koma uba, shi ke sakin hannun marubuciya.

Sai ƙarshen labari, inda ramuwar gayya take laɓewa. Mugun miji ya yi haɗarin mota, ko dukiya ta ƙone, ko ciwo ya kwantar da shi, ya dawo yana rarrafe, jarumar kuma ta auri wanda ya fi shi komai. Masu karatu suna son haka, ba mu musa ba. Amma hukuncin da ya faɗo daga sama ba tare da ya tsiro daga halin mutumin ba, biyan buƙatar marubuciya ne. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka yi wa aure tana shekara 13, ta nuna yadda ake bin wannan hanya ba a faɗa rami ba. A Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, gobara ta ci shagon Alhaji Abdu bayan ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara. Da ta tsaya nan da an ce alhaki ya kama mai shi, a tafa. Ba ta tsaya ba. Ta sa aka taru a kan Rabi, wadda ta riga ta tsaya da ƙafarta, aka matsa mata ta karɓe shi, wato horon da aka yi wa mijin a kanta ya sauka. Wanda ya san zaman aure daga ciki ne yake iya ganin wannan juyin, kuma ya fi duk wata gobara zafi.

Wani abu ƙarami amma mai tsada: ajiyar rubutu. Kwafi ɗaya tak Emecheta take da shi, da hannu ta rubuta. Yau ma abin bai sauya ba, sai dai wutar ta koma waya. Rubutun da yake cikin waya ɗaya, wadda wani ya saya, ya san lambar sirrinta, yana iya tafiya cikin daƙiƙa ranar da aka sami saɓani. A ajiye kwafi uku a wurare uku: ɗaya a na'urar da ake rubutu, ɗaya a adireshin imel da marubuciya kaɗai ta san makullinsa, ɗaya a takarda a hannun amintacce, a kuma sabunta su duk ƙarshen babi. Yarjejeniya da maɗaba'a ta kasance da sunan marubuciya da sa hannunta, ko da da sunan aro za a buga, domin haƙƙin mallaka yana shiga gado, kuma rigimarsa takan taso ne daidai lokacin da ba ta da ƙarfin yin ta.

Abin da muke roƙo daga gare ka, Malam Edita, bai da yawa. Idan mai sharhi ya kawo rubutu yana danganta wani babi da rayuwar marubuciya, a tambaye shi shekarar da littafin ya fito da shekarar da abin ya faru, da kuma ko ita ta faɗi haka da bakinta a fili. Idan tana raye kuma ba ta faɗa ba, a cire wannan sakin layin. Idan za a yi hira da ita, kafin a tambaye ta ko mijinta ya karanta, a tambaye ta me ya sa ta ba wannan bakin labarin ba wancan ba, wane babi ta cire, kuma ƙarshe nawa ta rubuta kafin ta tsaya kan wanda aka buga.

Wassalam.

Naka,
Wasu masu duba rubutu da koyar da adabi